Baƙin Damina: Tarihin Tafiyar Ɗalibai Don Hidima a Ƙasar Waje, da Ma'aunin Kwarin Rima

A shekarar 1934 an yi wasu tafiye-tafiye uku waɗanda a lokacin babu mai ganin abin da ya haɗa su. A ta farko, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka hau jirgin ruwa zuwa Ingila, hukumar mulkin mallaka ta zagaya da su don su gane wa idanunsu ƙarfin daular da ke riƙe da ƙasarsu. A ta biyu, shi wannan Sarkin Musulmin ya sauka a Argungu, garin Kabawa, waɗanda suka shafe kusan shekara ɗari ba sa ga maciji da Sakkwato da Gwandu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin kamun kifi, kuma daga wannan ziyara ake fara lissafin bikin Argungu a siffar da duniya ta san shi yanzu. A ta uku, wani saurayi Ba'amurke ɗan shekara 18, mai suna Sargent Shriver, ya ƙetare teku a lokacin dogon hutun makaranta, ya je Jamus don ya zauna da mutanenta, ya koyi harshensu da yadda suke rayuwa.

Bayan shekara 27, wannan saurayi ne ya zama shugaban farko na Peace Corps, hukumar da ta turo matasan Amurka su koyar a makarantun Najeriya, har da na Lardin Sakkwato, wanda Birnin Kebbi da Argungu suke cikinsa a wancan zamani.

A yau tafiyar ɗalibai zuwa ƙasar waje don hidima da sanin al'adu ta zama babbar sana'a. Jami'o'i da majami'u da kamfanoni a Amurka da Turai suna tara matasa a hutun watannin Yuni zuwa Agusta, su biya kuɗi, a kai su Ghana ko Kenya ko Nepal, su yi mako biyu ko shida suna shafa fenti a aji ko koya wa yara Turanci, su koma gida da hotuna. Tun daga farko wannan tafiya take ɗauke da tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba: tsakanin baƙo da mai masauki, wa ke bayarwa, wa ke karɓa? Mutanen kwarin Rima suna da tsohuwar amsa, kuma abin da ya faru cikin shekara ɗari ya fi gaskata amsarsu fiye da ta waɗanda suka ƙirƙiro tafiyar.

An fara ne don kashe gaba

Sansanin aiki na farko da ya haɗa matasan ƙasashe daban-daban an kafa shi ne a ƙarshen 1920 a ƙauyen Esnes, kusa da Verdun a Faransa, wurin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar kufai. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Pierre Ceresole, ya tara 'yan tsirarun mutane, cikinsu har da Jamusawa, suka shiga gina matsugunai da gyaran hanya. Gine-ginen ba su ne babban burinsa ba. So yake waɗanda suka harbi juna jiya su ɗauki katako ɗaya yau. Bayan kamar wata biyar aikin ya tsaya, saboda hukuma da wasu mazauna yankin ba su yarda su riƙa ganin Bajamushe a ƙasarsu ba. Wannan shi ne darasi na farko: kyakkyawar niyyar baƙo ba ta isa ba sai mai gida ya yarda.

Reshe na biyu ya tsiro a Amurka. A 1932 Donald Watt ya kwashi samari 23 zuwa Turai don su yi hutu a sansani ɗaya da takwarorinsu. Ya lura cewa idan aka tara matasa wuri guda, kowa 'yan ƙasarsa yake nema ya raɓa. Sai ya sauya dabara, ya riƙa sauke kowane ɗalibi shi kaɗai a gidan wani iyali, ya ci abin da suke ci, ya ji harshensu daga safiya har dare. Wannan shiri, mai suna Experiment in International Living, shi ne ya kai Shriver Jamus a 1934.

Ke nan tun asali abu biyu ne mabambanta: aikin hannu don a sulhunta maƙiya, da zaman gidan mutane don a koyi rayuwarsu. Dukansu tsakanin ƙasashe ne masu arziki kusan ɗaya, kuma babu wanda ya ɗauka ya je ceton wani. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka juya akalar tafiyar zuwa Afirka da Asiya, aka haɗe su biyun, aka ƙara musu kalma ta uku, wato taimako.

Yadda abin ya iso Najeriya

Najeriya tana cikin wuraren da aka fara gwada wannan tunani. A 1951 wani ɗan Birtaniya, Alec Dickson, ya buɗe cibiyar horo a Man O' War Bay, a gaɓar tekun Kamarun Ingila, wadda ake mulkinta tare da Najeriya a lokacin. Ana kawo malaman makaranta da akawuna matasa daga sassan ƙasar, su hau dutse, su koyi iyo, su yi wa ƙauyuka aikin gada ko kasuwa. Daga nan ƙungiyar Man O' War da aka sani a makarantu ta samo sunanta. Da Dickson ya koma Ingila, shi da matarsa Mora suka kafa VSO a 1958, suka fara tura samarin da suka gama sakandare su yi shekara guda a ƙasashen waje. Abin da aka fara koya wa 'yan Najeriya su yi wa junansu, shi aka mayar abin da 'yan Ingila za su zo su yi musu.

A wannan shekara ta 1958 ne kuma James Robinson, wani fasto baƙar fata daga unguwar Harlem ta birnin New York, ya kawo ayarin farko na Operation Crossroads Africa zuwa Afirka ta Yamma. Shirinsa shi ne ainihin kakan tafiye-tafiyen hutu na yau. Ɗaliban jami'a daga Amurka da Kanada, baƙaƙe da farare, sukan yi makonni shida zuwa takwas suna gina aji ko ɗakin shan magani kafaɗa da kafaɗa da ɗaliban ƙasar da suka sauka, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka karɓe su. Robinson bai ɓoye cewa jahilcin Amurkawa game da Afirka yana cikin cututtukan da yake son magancewa ba. Shi ya sa ake neman duk wanda ya je ya riƙa ba da lacca a kan abin da ya gani idan ya koma. A ƙasar da a lokacin akwai jihohin da baƙi da fari ba sa cin abinci a teburi ɗaya, kwana ɗaki ɗaya a wani ƙauyen Afirka babban karatu ne.

Ranar 14 ga Oktoba 1960, mako biyu bayan Najeriya ta sami 'yancin kai, John Kennedy, yana neman shugabancin Amurka, ya tambayi ɗaliban Jami'ar Michigan ko za su yarda su je su yi aiki a ƙasashe irin su Ghana. Ranar 1 ga Maris 1961 ya kafa Peace Corps, ya ɗora mijin ƙanwarsa Shriver a kai. Daga baya da bakinsa ya ce 'yan Crossroads ne suka share mata hanya. Dokar da ta tabbatar da hukumar ta zayyana manufofi uku: samar wa ƙasashe ma'aikata masu horo, sa mutanen duniya su fahimci Amurkawa, da sa Amurkawa su fahimci mutanen duniya. Biyu daga cikin ukun ba su shafi aikin da za a yi wa mai masauki ba. Lokacin Yaƙin Cacar Baka ne, kuma Washington na neman farin jini a sabbin ƙasashen da Mosko ma take zawarci.

Katin Ibadan

Ayarin farko na Peace Corps ya sauka Najeriya a watan Satumba 1961, aka kai su Kwalejin Jami'a ta Ibadan don ƙarasa horo. Ba a yi wata guda ba, wata daga cikinsu, Margery Michelmore, ta rubuta wa wani abokinta kati na gidan waya, irin wanda ba a sa shi a ambulan. Ta bayyana yadda ƙazanta da talaucin da ta gani suka girgiza su, da yadda mutane ke girki da bahaya a bakin titi. Katin bai kai Amurka ba. Ya faɗa hannun ɗalibai, aka kwafe shi aka rarraba, aka yi gangami ana kiran baƙin 'yan leƙen asiri, labari ya cika jaridun duniya. Ita kuwa ta bar ƙasar.

An sha cewa fushin ya wuce laifin, tunda budurwa ce 'yar shekara 23 da ta rubuta wasiƙar sirri. Sai dai ɗaliban Ibadan sun karanta wani abu a bayan kalmomin. Ƙasarsu ta cika shekara ɗaya ke nan da fita daga hannun waɗanda su ma suka ce wayewa suka kawo, ga kuma wasu sababbi sun zo da kallo iri ɗaya. Wanda ya zo taimako, abin da babu shi yake fara gani, domin shi ne hujjar zuwansa. Wanda ya zo koyo kuwa, abin da ke akwai yake nema.

A watan Afrilu 1968, Ivan Illich, wani malamin Katolika ɗan asalin Ostiriya da ke zaune a Meziko, ya faɗa wa taron ɗaliban da ke shirin zuwa aikin hutu a ƙauyukan Meziko magana mai ɗaci. Ya ce su zo su yi kallo, su zo su yi karatu, amma su daina cewa taimako suka zo yi wa mutanen da ko harshensu ba sa ji. Shekarun da suka biyo baya sun ƙara wa maganarsa nauyi. Kuɗin jirgin ɗalibi ɗaya kan isa a biya magina na gari su yi aikin da ya fi nasa inganci. Ziyarar gidajen marayu kuwa ta haifar da kasuwa, har ana raba yara da iyayensu don a cika gidajen da baƙi za su zo su gani. A 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki wannan fatauci a matsayin nau'in bauta ta zamani.

Wa ya ci ribar tafiyar

Duk da haka ba adalci ba ne a ce banza aka yi. A farkon shekarun 1960 Jihar Arewa tana buɗe sakandare da kwalejojin horon malamai fiye da yadda take iya samar musu da masu digiri. Malaman Peace Corps da na VSO sun cike gurbi a darussan lissafi da kimiyya da Turanci, kuma shirin Najeriya ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka kafin yaƙin basasa ya raunana shi daga 1967. Bambancinsu da baƙin hutu a fili yake. Shekara biyu suke yi, ma'aikatar ilimi ce ke tura su inda take da buƙata, suna ƙarƙashin shugaban makaranta, kuma waɗanda za a kawo Arewa ana fara koya musu Hausa.

Amma idan aka bi sawun abin da ya fi daɗewa, sai a tarar yana ɓangaren abin da baƙin suka koya. Paul Newman yana cikin ayarin farko na 1961, aka tura shi Maiduguri. Daga nan ya kamu da son harsunan yankin, ya dawo ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Kano, shi da Roxana Ma Newman suka jagoranci ƙamusun Hausa zuwa Turanci na 1977, sannan a 2000 ya wallafa littafin nahawun Hausa mafi girma da ake da shi da Turanci. Russell Schuh ya yi nasa aikin sa-kai a Nijar a tsakiyar shekarun 1960, ya ƙare yana koyar da Hausa a Jami'ar California da ke Los Angeles har ya rasu a 2016. Sun zo a matsayin masu koyarwa, suka koma ɗalibai, kuma abin da suka mayar wa Hausawa ya fito ne daga wannan ɗalibtar.

Ƙasar Gwandu ta taɓa ganin irin wannan tun da daɗewa. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Gwandu kafin ya bi ta Birnin Kebbi zuwa Tambutu. Sarkin Gwandu Halilu bai yarda sun yi ido biyu ba. Amma wani malami a garin ya ara masa littafin Tarikhus Sudan, ya zauna kwanaki yana kwafar sassansa, kuma ta wannan hanya masanan Turai suka fara sanin tarihin daular Songhai a rubuce. Barth ya kawo wa sarakuna kyaututtuka, babu mai tuna su yau. Abin da ya ɗauka daga ɗakin karatun wani malamin Gwandu shi ne ya rage.

Ma'aunin gida

Tafiyar matashi don neman sani ba baƙon abu ba ce a wannan yanki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas, ƙanensa Abdullahi na Gwandu kuma ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Kalmar almajiri kanta daga Larabci take, tana nufin wanda ya bar gida. Duk da halin ƙunci da wannan tsari ya faɗa ciki a yau, ginshiƙinsa na asali a bayyane yake: wanda ya taso daga nesa shi ne mabuƙaci. Idan ya yi noma a gonar malam ko ya ɗebo wa gidan da ke ciyar da shi ruwa, ba ya kiran wannan taimako. Ladan karatu yake biya da ƙarfinsa.

Aikin gayya ma yana da ƙa'idarsa. Mai gona ne ke kira, shi ke sa rana, shi ke nuna inda za a fara, shi ke ciyarwa, kuma ranar da wani daga cikin mahalarta ya kira tasa, wajibi ne ya je. Ba a taɓa jin 'yan gayya sun zaɓi gonar da suke so da ranar da ta yi musu, sun je sun yi huɗa, sannan su jira godiya ba. Da yawa daga cikin tafiye-tafiyen hutu na yau haka suke: jadawalin jami'ar baƙo ne ke sa rana, kamfani ne ke zaɓar aiki, kuma babu ranar ramawa, domin ɗalibin ƙauyen da aka ziyarta da wuya ya sami biza.

Batun lokacin ma ba ƙarami ba ne. Dogon hutun Turai da Amurka yana faɗowa ne daga Yuni zuwa Agusta, tsakiyar damina a Kebbi. Lokaci ne na shuka da noma da maimai, ruwa na hawa fadamun shinkafa, ba kuma lokacin ginin ƙasa ba ne, don da rani ake yin sa. Baƙon da ya iso a watan Yuli yana neman a taya shi gini ya zo ne a daidai lokacin da mai masauki ya fi kowane lokaci ƙarancin sukuni. Mutanen yankin da rani suke tasu tafiyar. A ranin 1952 zuwa 1953, ƙidayar da masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya yi nazari a kanta ta nuna fiye da mutum 250,000 sun bi hanyoyin fita daga Lardin Sakkwato, har da waɗanda suka ratso daga Nijar. 'Yan cin rani sun je ƙasar Yarabawa da Kumasi, sun dawo da kuɗin haraji da tufafi da 'yan kalmomin wasu harsuna. Sun yi aiki, sun ga duniya, kuma babu wanda ya dawo yana cewa ya je ceton Yarabawa.

Najeriya ta ɗauki tsarin

Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta koma ga manufar farko, irin ta Ceresole. Dokar soja mai lamba 24 ta 22 ga Mayu 1973 ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, NYSC, aka fara da matasa 2,364. Ana tura wanda ya gama jami'a wata jihar da ba tasa ba, ya yi shekara guda. A Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991, sansanin horon yana Dakingari. Bayan mako uku a can ake rarraba su makarantu da asibitoci da ofisoshi. Ga ɗan Inugu ko 'yar Akure da aka tura Argungu ko Kangiwa, harshe da abinci da zafin watan Afrilu duk sababbi ne, kamar ya bar ƙasar. Shirin yana da nasa ciwon: neman sauyin jiha, da masu biyan kuɗi don kada su zauna inda aka tura su. Amma yana da abin da tafiyar hutu ba ta da shi, wato ramawa, domin a daidai wannan lokaci ɗan Argungu ma yana can wata jihar kudu yana koyon zama baƙo.

A 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida da ministan harkokin wajensa Bolaji Akinyemi, Najeriya ta kafa nata shirin na tura ƙwararru waje, wanda aka fi sani da TAC. Malamai da likitoci da injiniyoyi suna yin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, bisa buƙatar da ƙasar ta gabatar. Akwai kuma hanyar da ta juya baya: bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisar Amurka ta kafa shirin YES a 2002, wanda ya riƙa ɗaukar ɗaliban sakandare daga ƙasashe masu yawan Musulmi, har da jihohin arewacin Najeriya, su yi shekarar karatu a gidajen iyalan Amurka. Ana sa su aikin sa-kai a garuruwan da suka sauka, amma babu mai cewa sun je raya Amurka. Kowa ya yarda koyo suka je yi.

Shekarar da hanyoyi suka toshe

Kamar yadda 1934 ta tara tafiye-tafiye uku, haka 2011 ta tara masifu uku. A watan Janairu aka sace wasu samari Faransawa biyu a Yamai, suka rasa rayukansu. Peace Corps ta kwashe ma'aikatanta 98 daga Nijar, ta dakatar da shirin da ya fara tun 1962, wanda fiye da mutum 3,000 suka yi aiki a cikinsa. A watan Afrilu aka kashe matasa goma masu yi wa ƙasa hidima a Jihar Bauchi a rikicin bayan zaɓe. A watan Mayu aka sace injiniyoyi biyu, ɗan Birtaniya da ɗan Italiya, daga masaukinsu a Birnin Kebbi, aka kashe su a Sakkwato a watan Maris 2012 yayin yunƙurin ceto su. Bikin Argungu kansa ya yi kusan shekara goma ba a yi ba bayan na 2009, sai a Maris 2020 ya dawo, ko da yake a tsakani UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. A watan Yuni 2021 kuma 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, ɗaya daga cikin makarantun da aka gina don yaran sassan ƙasa su tashi tare.

Babu jami'ar Turai da za ta turo ɗalibanta hutu kwarin Rima a wannan yanayi. Asarar da ta fi girma ba ajin da ba a shafa wa fenti ba ce. Matasan yankin ne ke tasowa ba su saba da baƙo ba, su ma ba su taɓa zama baƙi a ko'ina ba, sai abin da waya ta nuna musu.

Alhali ƙasar waje mafi kusa da Birnin Kebbi ba ta buƙatar jirgi. Daga Kamba ana ƙetarawa zuwa Gaya, a jihar Dosso ta Nijar. Arawan Kangiwa da na Dogondutsi dangi ne, kuma tun tawayen Yakubu Nabame na 1849 Kabawa suke da ƙawance da Zabarmawa da Dendawa da Arawa. Akwai jami'a a Aliero tun 2006, ta tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, akwai kuma a Dosso tun 2014. Ɗalibin aikin gona daga Kebbi da takwaransa na Dosso suna fama da ƙasa iri ɗaya da ruwa iri ɗaya, ɗaya ya yi karatu da Turanci, ɗaya da Faransanci, kuma Hausa ko Zabarmanci ya ishe su fahimtar juna. Siyasa ce ke shiga tsakani: an rufe iyaka a Agusta 2019, mashigar Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilu 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Irin wannan tsamin dangantaka shi ne ainihin ciwon da aka ƙirƙiro musayar matasa don ta warkar.

Duk wanda zai shirya irin wannan tafiya, ko daga Boston zuwa Argungu ko daga Aliero zuwa Dosso, tarihin ya bar masa tambayoyi huɗu. Wa ya kira gayyar? A lokacin wa aka sa ta? Baƙon zai daɗe har ya ji harshen? Yaushe mai masauki zai rama ziyarar? Shirye-shiryen da suka bar abin kirki su ne waɗanda suka iya amsa mafi yawansu.

A 1934 Sarkin Musulmi bai je Argungu da niyyar gyara wa Kabawa komai ba. Ya je ne a matsayin baƙo, masu gari suka zaɓi abin da suka fi kowa iyawa suka nuna masa, ya zauna ya kalla. Har yanzu haka tsarin yake a Matan Fada: jakadu da 'yan jarida da ɗalibai suna bakin gaɓa, masunta dubbai suna cikin ruwa da homa da gora, Sarkin Ruwa yana lura. Sulhun da aka ƙulla a wannan ziyara ya haura shekara 90 bai warware ba.